Ƙodar Kyaftin Za Ta Yi Gudu

Daga ɗakina, yammacin Lahadi

Kyaftin, ɗan Kawuna,

Sallama da gaisuwa, gwargwadon abin da ambulan zai iya ɗauka. Ina fatan teku tana yi maka ladabi, kuma har yanzu girkinka bai kwantar da kowa ba. Inna ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci. Na ce mata mutumin da ke riƙe da makullin kicin ɗin jirgi guda ba shi ake yi wa wannan tambaya ba, ta ce in dai rubuta. To na rubuta. Na leƙa Kawu ranar Juma'a. Ƙafar ta yi sauƙi, bakin kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Har yanzu yana gaya wa maƙwabta ɗansa ne ke tuƙa jirgin, ni kuma ban ga dalilin ɓata masa labari ba.

Na san ka riga ka tsallake duk wannan kana neman inda aka ambaci ƙodarka. Tana nan lafiya lau. Shekara biyu ke nan tana zaune a jikina ba ta taɓa yi min rashin kunya ba, abin da ba zan iya faɗa game da mai ita na farko ba.

Yanzu ka ajiye ludayi ka zauna. Na yi rajistar tsere.

Ka tuna lambun nan na bayan asibiti, wanda ka ce ɓarnar fili ne lokacin da ka zo gwaje-gwaje kafin a yanka mu? Mai tafki a tsakiya, da gadar katako, da dogayen itatuwan da suka haɗa kai a sama? Ƙungiyar masu ciwon ƙoda ta shirya tseren taimako a cikinsa nan da wata uku. Kilomita biyar. Abin da aka tara za a sayo wa ɗakin wankin ƙoda ƙarin inji, ko a rage mayar da mutane gida a ce su dawo gobe. Ɗalibaina sun yi alkawarin gudummawa da wani irin sauri mai sa zargi. Ina jin so suke su ga malamar lissafi tana haki a bainar jama'a, kuma ban ga laifinsu ba.

Kada ka ɗauke ni waliyyiya, ba injin ne ya ja ni ba. Hanyar tseren ta ƙarƙashin tagar ɗakin wankin take bi. Kujerata ce a jikin wannan taga duk shekarun da aka yi ana ɗaura ni a inji. Ta gefena kuma ta wani tsohon hedimasta ce, wanda aka yi wa ritaya amma shi bai amince ba. Aikinsa shi ne bai wa masu motsa jiki a lambun maki. Wani ya wuce yana watsa ƙafa, ya ce, "Uku bisa goma, ya zo da mahaifinsa gobe." Wata ta wuce tana gudu tana waya, ya ce, "Ta maimaita aji." Da wannan muke cinye awannin. Ranar wankina na ƙarshe ya ce min, "Malama, in an sa miki sabuwa, ki wuto ta nan in duba aikinki." Na yi dariya na ce to. Shi bai yi dariya ba.

Har yanzu yana kan kujerar. Asabar ranar wankinsa ce, tseren kuma Asabar ne.

Na sayi kambas ruwan goro mai ƙyalli, don shi kaɗai ya rage daidai ƙafata. Na fara fita da sassafe. Zuwa yanzu ina iya gudu daga ƙofar lambu zuwa bencin farko, daga nan sai in tsaya in yi kamar ina sha'awar agwagi.

Ka rubuto in kun sami tasha.

'Yar Gwaggonka, wadda ka naɗa Farfesa tun jami'a ba ta yi tunanin haka ba.

*

Daga cikin jirgi

Farfesa,

Assalamu alaikum. Ina gaida ƙodata tukuna, in yi mata sannu da wahalar da ake shirin ba ta. Sannan ke. Sannan Gwaggo da Baba da kowa da kowa. Ni lafiya lau.

Wasiƙarki ta same ni a tasha, wakilin kamfani ya kawo ta tare da buhunan dankali. A tsaye na fara karantawa. Da na zo wurin tsere na zauna kamar yadda kika ce, a kan buhun albasa.

Ba za ki yi gudun nan ba.

Kin ce tana nan lafiya lau. Ke ce fa kika yi shekara guda kina rubuto min lafiya lau, alhali ƙafafunki sun kumbura takalmi ba ya shiga. Sai da Gwaggo ta je wurin Baba tana kuka na san halin da ake ciki. Mu gidanmu haka muke. Kakarmu ma lafiya lau ta ce da safen ranar da ta rasu, har ta tambayi ko an ɗora ruwan shayi. Saboda haka lafiya lau ɗinki ba ta da daraja a wurina, ki nemi wani ki sayar masa.

Ki ba su gudummawarki, ki tsaya a bakin hanya ki tafa wa masu ƙoda bibbiyu. Hedimasta kuma ki hau bene ki gaishe shi, ki riƙa masa lemo. In gudun ya zama dole, ki bari sai baɗi.

Ki sha ruwa. Kada ki ɗaga abu mai nauyi. Kada ki shiga rana. Kambas ɗin ki ba 'yar maƙwabta, ruwan goro ba launin malamar jami'a ba ne.

Na san halinki, in an ce kada ki yi abu kamar an miƙa miki katin gayyata ne. Shi ya sa na haɗo da wata wasiƙar zuwa ga Gwaggo. Kada ki ji haushi. In ma kin ji ba komai, ina tsakiyar teku.

Naki,
Kyaftin

*

Daga ofis, tsakanin aji da aji

Kyaftin,

Gaisuwa, amma kaɗan.

Ka ce lafiya lau ɗina ba ta da daraja. Na duba maganar, ta ci. Daga yau da gaskiya tsirararta zan riƙa buɗe maka wasiƙa, ko da kana cin abinci ne. Ga ta yau. Ƙwaurina biyu suna ciwo. Akwai bororo a ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Hannuna yana ɗan rawa da safe, aikin maganin da ke hana jikina korar baƙuwar ne, kuma ba yau ya fara ba. Fitsari garai, tunda na san shi kake son ji kana kunyar tambaya. Jini bai hau ba, in ka cire ranar da wasiƙarka ta zo.

Inna ta karanta tata, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin filo. Ba ta yi faɗa ba, ka san ta wuce wannan matakin. Washegari na tashi na tarar da kambas ƙafa ɗaya. Na ce, "Inna, kin ga takalmina?" Ta ce, "Ga shi nan gabanki." Na ce, "Ɗayan." Ta ce, "Yaushe aka ɗauke ni gadin takalma?" Ka lura da tattalin: ba ta ɓoye biyu ba, ta san ɗaya ya isa. A wurinta na gaji lissafi. Na duba ƙarƙashin gado, bayan firji, har cikin buhun shinkafa. Yanzu da tsohon takalmin zuwa kasuwa nake fita.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, ga amsarta. Sai da na ga likita kafin in yi rajista. Ya ce in yi, a hankali, in haɗa gudu da tafiya, in sha ruwa, in nisanci magungunan ciwon jiki na kanti. Ya ce ba a dasa wa mutum ƙoda don ya zauna gadinta.

Ka ce baɗi. Na je na ga Hedimasta makon jiya. Hularsa ta yi masa yawa. Ya fara ba wani mai keke maki, muryar ba ta kai ƙarshen magana ba. A ɗakin nan ba a yin alkawarin baɗi, ko nas ba ta yi. Lemon da ka ce kuwa an hana shi tun tuni, sai dai in so kake a ce kuku ya kashe mutum daga tsakiyar teku.

Ba tsoronka ne ya ɓata min rai ba. Ka tsallake ni ka kai ƙarata wurin uwata kamar 'yar firamare. Shekara biyu kana gaida ƙodar kafin ka gaishe ni, ina dariya don abin dariya ne. Yanzu na fara tunanin ko ni akwati ce da ka yi ajiya a ciki. Da an gaya min da sharaɗi take zuwa, da na nemi a karanta min sharaɗin kafin in sa hannu.

Zan yi gudun, ko da silifas ne.

Farfesa

*

Daga ɗakina

Kyaftin,

Gaisuwa cikakkiya wannan karon, har da cikon ta wancan.

Rahoton jiki. Bororon ya fashe ya warke. Ranar Talata na faɗi a kan gadar katako, an kwana ana ruwa katakon ya yi santsi. Gwiwa ta ƙuje, tafin hannu ma. A gefen dama na faɗi, inda baƙuwar take. Na yi alkawarin ba zan ɓoye maka ba: na zauna a wurin na dafe marata ina jira in ji wani abu, ban ma san me nake jira in ji ba. Agwagi suka taru suna kallona, sun rama ke nan. Daga nan na taka zuwa asibiti, aka duba, aka ce ba abin da ya same ta. Na yi kwanaki ban fita ba. Sannan na fita.

Yanzu ina kaiwa gada ba tare da na tsaya sha'awar kowa ba. Lambun da sassafe abin gani ne, har na kusa yafe masa. Tururi yana tashi a kan tafki kamar an bar tukunya a buɗe. Wata bishiya tana zubar da furanni rawaya a kan hanya, mai shara yana binsu da tsintsiya kullum, kullum suna riga shi. Bayan gada akwai hawa. Masu shirya tseren sun kira shi "ɗan tudu" a takardarsu, kuma na tabbata wanda ya rubuta hakan a mota ya zaga. Daga ƙarshen hawan sai tagar. Ban kai can da gudu ba tukuna. A tsakiyar hawan numfashina yake ajiye aiki.

Ƙafar hagun kambas ɗin ba ta bayyana ba. Ba zan sayi wani takalmin ba, ba kuma zan sake tambaya ba. Ni da Inna muna gaisawa da safe cikin mutunci kamar ƙasashe biyu masu rikicin iyaka.

An wuce wata ba wasiƙarka. Kawu ya ce shi ma shiru. Na san jirgi ba motar haya ba ne, amma kai ma na san ka. Tun muna yara in ka yi fushi ba ka magana, sai dai ka ci abincinka da ƙarfi. In maganar sharaɗi ce, ta fi yadda na so kaifi. Ban janye ta ba, amma ba da-na-sani take nufi ba. Babu safiyar da zan tashi in shiga banɗaki kamar sauran mutane ban tuna ka ba. Na san ba irin tunawar da mutum yake fata ba ce, amma ita ce ta gaskiya.

Wani abu kuma. Kawu ya ce zuwanka hutu na ƙarshe ko sau ɗaya ba ka fita ƙwallo ba, kai da ake korowa daga fili da duhu. Ya ce jarkar ruwa ma sai da shi ya kama maka, shi mai ciwon ƙafa. Kai ma fa lafiya lau kake rubutowa, kuma gidanmu ɗaya.

Ka rubuto, ko zagi ne.

Farfesa

*

Daga cikin jirgi

Farfesa,

Assalamu alaikum. Wasiƙunki biyu tare suka zo hannuna. An tsayar da mu a waje sama da wata, muna hango tasha ba a ba mu wurin shiga ba. Ba fushi na yi ba. Amma da ta farkon ta zo ita kaɗai, da na yi. Na karanta maganar sharaɗi, na tashi na yanka albasar da ba wanda ya nema, sannan na dawo na buɗe ta biyu. Sai na tarar kin faɗi a gada. Ban san wadda ta fi ba.

Babu sharaɗi. Ranar da ake tura mu ɗakin tiyata, ke a gadonki ni a nawa, kin ce in na fasa ba za ki gaya wa kowa ba. Na ce ki yi min shiru, kina hana ni jin tsoro cikin natsuwa. Ban ba ki don in riƙe ki da ita ba.

Amma ke malamar lissafi ce, ki yi min wannan. Biyu gare ni. Na ba ki ɗaya. In wannan ta lalace, Farfesa, ba ni da ta uku. Zan tsaya a bakin gadonki ba abin da zan miƙa. Abin da ke zuwar min ke nan in ina feren dankali. Ba ƙodar nake gadi ba.

Maganar Baba gaskiya ce, duk da bakinsa ya yi yawa. Likita ya ce in koma rayuwata kamar da, na ce to. Amma in na sunkuya zan ɗauki buhu sai in ji kamar tabon yana kallona. Matakalar jirgi a hankali nake hawa ina riƙe da ƙarfe. Abokan aiki Kaka suke kirana. Ba inda ke min ciwo. Tsoro ne kawai, kuma ban san a wane ɓangaren gaisuwa ake rubuta shi ba.

Ba zan ce ki yi gudun ba, bakina ba zai iya ba. Ban kuma sake rubuta wa Gwaggo ba. Iyakar ƙoƙarina ke nan. Abu ɗaya nake roƙo: in kin ji wani abu a hanya, ki tsaya. Hedimasta ya ba ki sifili, ba komai.

Gobe za mu tashi, tafiyar doguwa ce. Ba zan ji labari ba sai bayan an gama komai.

Naki,
Kyaftin

*

Daga kan kujera, inda nake tun Asabar

Kyaftin,

Gaisuwa mai yawa daga zaune, don tashi yanzu sai an yi shawara.

Rahoton jiki. Bororo a diddige biyu. Cinyoyi kamar na aro. An ɗibi jini ranar Litinin, ya fito daidai. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran da numfashi.

Wasiƙarka ta zo ana saura kwana biyu. Da zagi ka aiko da ya fi min sauƙi. Na daɗe a zaune da ita, har na ɗauko waya zan ce a cire sunana. Lissafinka daidai ne, na duba ban sami kuskure ba. Layi ɗaya kawai ka bari. Ba ka da ƙoda ta uku, ni kuma ba ni da rai na biyu da zan ajiye wannan in jira shi. Na yi shekaru a bayan gilashi ina kallon masu wucewa. In kallon zan ci gaba da yi, ai inji ma ya isa, da ba a yanka ka ba. Na mayar da wayar.

Ranar Asabar na fito riƙe da takalmin kasuwa, sai ga kambas a bakin ƙofa, ƙafa biyu, a jere. Ta hagun tana ƙanshin kafur, wato cikin akwatin zannuwanta ta yi zaman gidan yarinta. Inna tana tsaye ta yafa mayafi, jaka a hannu. Na ce, "Ina zuwa?" Ta ce, "Asibiti. Na fi ki sanin tagar nan. Ke a zaune kika kalle ta, ni a tsaye." Ba ta ambaci takalmin ba, ni ma haka.

Duk mai gudu zai gaya maka ba a shiga tsere da takalmin da ƙafa ba ta saba da shi ba. Na san haka. Amma in Inna ta sauko daga kan bakanta sau ɗaya a shekara, ba a ce mata na gode, tsohon ya fi. Daga nan bororon ya samo asali.

Lambun ya cika maƙil. Ɗalibaina sun zo da kwali an rubuta, "Malama, ki nuna yadda kika samo amsa." Wani mutum ya sa kayan da aka ɗinka da siffar ƙoda, ya fi kama da wake. Aka busa usur, kowa ya zabura kamar an ce gobara. Ni na bi tawa tafiyar. Na zaga tafki a guje. Gada kuwa takawa na yi ina riƙe da ƙarfen gefe, ko kunya ban ji ba.

A tsakiyar hawan wani abu ya soke ni a gefen dama. Na tsaya, saboda ka roƙa. Mutane suna wuce ni, har da waken. Na sa hannu ina lalube kamar mai neman makulli. Ciwon a sama yake, ƙarƙashin haƙarƙari, irin wanda kowane mai haki yake samu. Ƙasa, inda baƙuwar take, shiru. Na sha ruwa, na jira ya lafa. Sauran hawan da tafiya na yi shi, ina zagin wanda ya ce ɗan tudu.

Da na kai sama na hango bangon asibiti ta tsakanin itatuwa. Ƙafafuna suka ce sun gama. Na ce musu a ko'ina su yi abin da suka ga dama, amma ba a ƙarƙashin tagar nan ba. Na fara gudu. Kada ka zana wani abu mai kyau a ranka, diddige suna wuta, baki a buɗe. Amma ƙafa biyu suna barin ƙasa, kuma a ƙa'ida wannan gudu ne.

Na ɗaga kai. An juyo da kujerarsa an tokare shi da filo. Hannunsa yana ɗaure a inji, don haka Inna ce ta manna takardar a jikin gilashi, fuskarta a ɗaure kamar an tilasta ta. An rubuta da manyan baƙaƙe: biyar bisa goma. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya kaɗa min, wato in wuce, kada in tsaya kallo.

Na ƙarasa a bayan waken, a gaban wasu tsofaffi biyu da wani mai tura keken jarirai. Bayan na dawo hayyacina na hau benen, mataki-mataki. Na ce, "Ranka ya daɗe, biyar kacal?" Ya daɗe yana tattara numfashi. Ya ce, "Gudun sifili ne. Biyar ɗin na halartar aji ne." Nas ta raka ni ƙofa ta ce tun da take ɗakin bai taɓa ba kowa sama da huɗu ba. Inna kuwa duk hanya abu ɗaya ta ce: "Kina gudu kamar ubanki." Ban tambayi ko yabo ne ba.

Ga takardar lambar da na manna a ƙirji, da hujin allurarta da guminta. Ka rataye ta a kicin. In an tambaya, ka ce wata ƙodarka ce ta shiga tsere ba da izininka ba.

Farfesa

*

Daga cikin jirgi, ranar Lahadi

Farfesa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Ina gaida Gwaggo da Baba. Ban sami komai daga gare ki ba, muna tsakiyar ruwa. Wannan zan riƙe ta sai tashar farko, wataƙila ta yi karo da taki a hanya.

Ba lafiya lau nake ba. Cinyoyina ciwo, bayana ciwo, yau da baya na sauko matakala.

Jiya Asabar, ranar tseren, na raba abincin safe na kasa zama. Na goge teburin da na riga na goge. Sai na hau sama. Akwai wata siririyar hanya da ta zaga kwantenoni daga gaban jirgi zuwa baya. Na ce bari in taka kaɗan iska ta buge ni. Ban san lokacin da na fara gudu ba, da takalmin kicin. Ba tafki, ba furanni, sai ƙarfe da warin mai. Ma'aikata suka fito suna buga bokiti suna kiran Kaka. Ban san zagaye nawa ne daidai da naki ba, na dai yi ta yi har na leƙa teku na mayar mata da shayina.

Daga nan na zauna na dafe tabon ina jira in ji wani abu. Shiru. Na daɗe ina jira. Da na sauko na ɗauki buhun albasa ni kaɗai, na kai shi inda ba a buƙatarsa, na dawo da shi. Abincin rana ya makara, kyaftin na gaske ya aiko a tambayi ko kuku ya faɗa ruwa.

Ban san ko kin yi gudun ba. Ƙarya nake, na sani. Abin da ban sani ba shi ne maki nawa ya ba ki.

In kin hau benen ki gaishe min da Hedimasta. Ki ce masa kada ya rufe rajista tukuna, akwai wani ɗalibi a hanya. Ba shi da ƙoƙari, amma zai zo.

Naki,
Kyaftin